Katoomba: gangara da safe, hawa da yamma

Asabar, da dare

Yau dai mun leƙa Blue Mountains, wato Shuɗɗan Tsaunuka, ni da abokin da muke haya tare. Daga tashar Central ta Sidni zuwa Katoomba awa biyu ne a jirgin ƙasa, yana ta hawa a hankali, kafin ka ankara ka haura mita 1,000. Muna sauka sanyi ya tarbe mu. Watan Yuli ne, a Ostareliya kuwa tsakiyar hunturu ke nan.

Abin da ya ɗaure mini kai da wurin nan, a kife yake. Ko'ina aka je hawan dutse daga gindi ake farawa, a sha wahalar tun da sauran ƙarfi, a dawo da gangara. A nan garin ne a bisa, titi da layin dogo duk a kan doron tsaunin suke, kwari yana can ƙasa. Sai ka fara da sauka kana dariya, bashin hawa yana jiranka da yamma. Ko Turawan nan uku da suka ƙetare tsaunukan a 1813, Blaxland da Lawson da Wentworth, doron suka bi suka dace. Na gabansu kwari suka riƙa shiga, su ci karo da bangon dutse su juyo. Mutanen Gundungurra da Dharug kuwa, 'yan asalin wurin, dubban shekaru suka yi suna zirga-zirga a nan kafin wani Bature ya zo yana neman hanya.

Echo Point, wurin tsayawa kallo a bakin kwarin, cike yake da jama'a, motocin yawon buɗe ido suna ta juye mutane, kowa ya juya wa duwatsun baya yana ɗaukar kansa hoto. Duwatsun uku da ake kira Three Sisters suna tsaye a gefen hagu, babbarsu mita 922 daga matakin teku, kwarin Jamison ya shimfiɗu har inda ido ya gaji, Mount Solitary na tsakiya shi kaɗai. Shuɗin da ya ba tsaunukan suna gaskiya ne, na gani da idona. An ce man da ganyen itatuwan turare ke saki cikin iska ne yake warwatsa hasken rana. Wurin yana da kyau, amma mai tsayawa nan kawai ya koma mota bai zo ba tukuna.

Muka bi Giant Stairway. Matakala sama da 800 ce, wasu an sassaƙa su a jikin dutsen, wasu na ƙarfe, tana sauka kimanin mita 300 a gefen duwatsun uku. A wasu wuraren ƙunci ya sa dole ka manne da bango mai hawowa ya wuce. Tun ba mu yi nisa ba surutun sama ya ɓace. Dutsen yashi mai ruwan zuma ya koma baƙi, jiƙaƙƙe, ruwa na tsattsafowa daga jikinsa. A ƙasa kuma wani daji ne daban, duhu da laima, dogayen itatuwa sun rufe sama, ƙasa na warin ruɓaɓɓen ganye.

A kan hanyar Federal Pass muka ji ana tonon ƙasa. Tsuntsun nan ne da suke kira lyrebird, girmansa kamar kaza, da dogon wutsiya, yana barbaza ganye da ƙafa bai ko kula mu ba. Can sai ya buɗe baki. Ya yi kukan wani tsuntsu, ya sauya zuwa na wani, ya kwaikwayi na fararen akun nan masu rawayan tukku, duk daga maƙogwaro ɗaya. Mun daɗe a tsaye. Wata dattijuwa mai sanda biyu ta zo wucewa, ta ce mun yi sa'a, da hunturu ne mazansu suka fi waƙa don neman mata. Ta kuma ce in an yi ruwa mu riƙa duba safa saboda matsattsaku. Abokina bai sake kallon tsuntsu ba, sai ƙafarsa.

Hanyar ta kai mu tsohuwar mahaƙar kwal, inda jirgin Scenic Railway yake ɗaukar mutane zuwa sama. Asali don jan kwal aka shimfiɗa layin, karkatarsa digiri 52. Nan muka yi musu, abokina yana son shiga jirgin, ni ina son hawa da ƙafa.

"Mutumina, Allah ya kawo sauƙi ka ce wahala kake so?"

Na ce ya je, mu haɗu a sama. Ni na bi matakalar Furber Steps, kuma ban yi da-na-sani ba, ko da yake gwiwoyina suna da nasu ra'ayin. Duk inda numfashi ya ƙare akwai wurin tsayawa da ake hango ruwan Katoomba Falls yana zubowa hawa biyu, sai ka yi kamar kallo ne ya tsayar da kai. Na tarar da shi zaune da shayi a hannu, ya ce har ya fara tunanin wa zai kira.

A jirgin dawowa mun shirya mako mai zuwa sai Wentworth Falls. Sharaɗinsa ɗaya, in fara bincika masa yawan matakalar.