Alhamdulillah, wuta ta dawo

Jama'a wuta ta dawo jiya da la'asar, kwana 11 cif tun guguwar Éowyn ta ranar Juma'a 24 ga Janairu 2025, wadda ta ɗauke mana wuta a nan yankin Mayo na ƙasar Ailan. Kun dai bi komai, ba sai na maimaita ba, jikina ma ya gaji wlh.

Abin da na kasa mantawa daren nan na uku ne, sanyi ya shiga ƙirjin autana yana ta tari ba ruwan zafi ba cajin waya, ina zaune cikin duhu ina ta salati sai na ji ana buga ƙofa. Tsohuwar maƙwabciyarmu ce da muke kira Kaka, da tocila, ta ce mu tattaro mu koma gidanta. Murhun kakanninta na nan bata taɓa rushe shi ba, ta cika shi da busasshiyar ƙasar fadama da suke yankowa a nan Mayo su ƙona kamar itace. Ta dafa shayi, ta ɗora yaron a cinyarta tana ba mu labarin Daren Babbar Iska, wata guguwa da ta afka wa Ailan ranar 6 ga Janairu 1839, wai da aka fara biyan fanshon tsofaffi a 1909 babu takardar haihuwar mutanen da, sai a tambayi tsoho ko ya tuna wannan dare, in ya tuna to ya kai 70. Ni da nake kuka sai gani ina dariya.

Ƙauyen namu gida tara ne kacal, ɗaya daga cikin irinsa sama da 60,000 a Ailan, ko lambar gida babu, amma washegari duk suka fito da zarto da tarakta suka sare bishiyoyin da suka tare hanya. Meitheal suke ce wa wannan aikin, gayya ce kawai irin tamu.

Kaka na san ba kya son a ambace ki, ki yafe ni. Baba mai tarakta, Maman 'yan biyu da ta riƙa aiko miya daga garin Ballyhaunis, da mutanen masallaci, Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a, ya tsare ku da sharrin iska da ruwa, ya ba Kaka lafiya da nisan kwana, amin ya Rabbi.

'Yan uwanmu na Dublin kuma, awa uku ne a mota fa. Ba komai, mun ga saƙonku a WhatsApp da wuta ta dawo.