Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Inuwar da Baffa Ya Raina

A makon jiya mun tsaya a inda Kawu ya damƙa mini tsohuwar kyamararsa ta fim. Masu tambayata me ya ja ni harkar hoto, wallahi ba kuɗi ba ne. Da kuɗi nake nema, da na ajiye ta tun ranar da Baffa ya dube ni ya ce, "Kai yaro, inuwa kake bi, inuwa kuwa ba ta cika aljihu." A gaban kowa ya faɗa, Goggo har da dariya. Har gobe maganar nan tana ci mini rai.

Baffa bai taɓa shiga ɗakin wanke hoto ba, shi ya sa. Duhu ne, sai ɗan jan ƙwai guda, domin jan haske ba ya ɓata takardar hoto baƙi da fari. Ka haska nagatif, wato fim ɗin da aka riga aka wanke, a kan farar takarda na 'yan daƙiƙoƙi, ka tsoma ta cikin ruwan magani, ka riƙa jijjiga farantin a hankali. Da farko ba komai. Can sai baƙin ido ya fara bayyana, sai gira, sai gashi, kafin ka ankara ga mutum yana kallonka daga cikin ruwa. Ranar farko da na gani, tsigar jikina ta tashi. Wannan ce inuwar da ba ta cika aljihu!

Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, wani 24, kuma ba ka ganin abin da ka yi sai an wanke. Dole ka koyi haƙuri. Ka san cewa rana tsaka tana zuba wa mutum duhu a ƙarƙashin ido, hasken safiya da na la'asar sakaliya su ne masu taushi. Ka san cewa duk wanda aka saita wa kyamara sandarewa yake yi, sai ka ja shi da hira har ya saki jiki, sannan ka danna. Wannan jiran na fi so a sana'ar nan.

Yanzu kowa da kyamara a wayarsa, kuma ba na jin haushi. A kamfanin Kodak ne ma Steven Sasson ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975, kyamarorin dijital ɗin ne kuma daga baya suka karya kasuwar fim, har kamfanin ya bayyana karayar arziki a 2012. Na ji zafin labarin sosai. Amma matar da ke ɗaukar jaririnta da waya, dalilinmu ɗaya da ita: yaro girma yake yi, tsoho tafiya yake yi, ido kuwa yana mantuwa.

Na tsallake shekaru, amma ba zan iya riƙe wannan ba. Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, Baffa ne da kansa ya kira ni gefe. "Ɗana, ko kana da hoton Yaya?" Ina da shi. Na ɗauka yana tsakiyar dariya, bai ma sani ba. Na wanke babba na kai masa, ya karɓa da hannu biyu, ya sa mini albarka. Amma maganar inuwa bai janye ta ba, ko sau ɗaya, kuma na so ƙwarai in ji ya janye.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda kyamarar Kawu ta bar hannuna.