Shirya Kayan Kwalliyar Mota da Yi Musu Fenti a Sakkwato

Mafi yawan aikin da ke shigowa garejina a 'yan shekarun nan shi ne sauya wa mota fuska. Mai Land Cruiser ko Lexus LX 570 ƙirar 2010 yakan aika kasuwar Ladipo ta Legas a sayo masa bamba da sauran kayan gaba irin na ƙirar 2016, ya kawo mana mu ɗaura, mu fesa. Tun da ba kamfanin da ya ƙera motar ne ya yi waɗannan kaya ba, ba kasafai suke zama daram ba. Shi ya sa ba na yarda fenti ya taɓa su sai mun gwada su a jikin motar, mun huda inda ya kamata, mun rage inda ya yi tudu.

Daga nan sai wanki da sabulu da ruwan ɗumi, domin sabon kaya yana zuwa da ragowar man da aka shafa wa mazubinsa a masana'anta. Ido ba ya ganin wannan mai, amma shi ne ke sa fenti ya kwaile.

Kayan faiba, wato waɗanda aka yi da zaren gilashi da ƙaro, sun fi cin lokaci. Muna shanya su a rana domin iskar da ta maƙale a ciki ta fito, sannan mu bi su da sanfefa mai lamba 180, mu koma 320, mu cike ƙananan ramukan da suka bayyana da foti, kafin a sa firaima, wato shafin farko da fenti ke hawa a kai, a sake gogewa da 600. Kayan roba kuwa, musamman masu tambarin PP a bayansu, fenti ba ya kama su sai an fara fesa maganin da ke sa shi manne, kuma akan ƙara sinadarin laushi don kada ya tsage idan bamba ta lanƙwasa. Wannan mataki ne masu aikin araha suka fi tsallakewa, kuma abin yana damuna, domin sunan duk masu sana'ar yake ɓatawa.

Launi ba a zaɓensa da ido kaɗai. Toyota tana rubuta lambarsa a takardar da ke liƙe a ƙofar direba. Fari 040 daban yake da fari 070 mai ƙyalli, wanda sai an yi masa shafi uku. Duk da haka nakan fesa gwaji a ɗan ƙarfe in kara da ƙofa, saboda ranar Sakkwato ta riga ta ci launin tsohuwar mota.

Yanayin garinmu ma yana da nasa sharaɗi. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, fenti yakan bushe tun bai kwanta ba, don haka muke feshi bayan sallar asuba da tina mai jinkirin bushewa. Da hunturu kuma ƙura ce matsala, sai mun yayyafa wa ɗakin feshi ruwa mun rufe ko'ina. Yarana ba sa riƙe bindigar feshi babu takunkumi mai tace iska, domin hadina, wato sinadarin da ake haɗawa da fenti don ya yi tauri, tana illata huhu.

Shafin ƙarshe shi ne kiliya, wadda ba ta da launi, ita ke sa ƙyalli. Idan mai mota ya matsa cewa gobe yake so, nakan ce masa, “Alhaji, ka yi haƙuri ka ba kiliya lokaci ta yi ƙarfi, kuma kada a shafa mata man sheƙi sai ta yi wata guda.”