Laraba, ranar da muka je kango

Ruwan da aka kwana ana yi bai ɗauke ba sai bayan sallar asuba, shi ya sa na makara. Masu Napep kuwa da sun ga ƙasa ta jiƙe sai kuɗi ya tashi. Daga Ƙofar Marusa zuwa inda muke hawa motar makaranta sai da muka yi ciniki kamar za a sayi akuya. Ko da na shiga aji Malam ya cika rabin allo.

Darasin yau tarihin aikin walwalar jama'a ne, karatun da har gobe Baba ke kira "digirin rabon kayan agaji". Malam ya ɗauko mu daga Landan, inda aka kafa ƙungiyar tsara ayyukan sadaka a 1869, ya tsallaka da mu Amurka wurin Jane Addams, matar da ta buɗe gidan taimakon talakawa mai suna Hull House a Shikago a 1889. Abin da ya fi jaddadawa shi ne ba daga unguwar masu kuɗi ta zauna tana aika sadaka ba. Kayanta ta tattara ta tare cikin baƙin da suka zo ci-rani, 'yan Italiya da Girkawa da Jamusawa da Yahudawan Rasha, kowa da yarensa da wurin ibadarsa, har aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1931. Daga nan ya juyo ya ce mana: "Ku kun fi ta sa'a. Ku 'yan gida ne, kun san yaren, kun san al'adar, ba wanda zai rufe muku ƙofa."

Ɗan ajinmu na Maraɗi, wanda ba ya barin magana ta wuce, ya ɗaga hannu ya ce zakka da waƙafi da aikin gayya ai sun girmi 1869 nesa ba kusa ba. Malam ya ce gaskiya ne, amma mai ba da zakka ba ya buɗe fayil, ba ya komawa bayan wata uku ya ga ko yaron ya koma makaranta. Ya ƙara da cewa a nan ƙasar ma sai a ƙarshen 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa hukumar da za ta kula da masu wannan aiki. Ba su daidaita ba har lokaci ya cika.

Ajinmu ɗin ma abin kallo ne in mutum ya tsaya ya duba. Akwai mu 'yan cikin gari, akwai 'yan Daura da Funtuwa, akwai wata Bahaushiya Kirista daga wajen Kafur da kullum sai ta yi wa sabon malami bayanin cewa e, Bahaushiya ce gaba da baya. Akwai 'yar Ibo da mahaifinta ke sayar da kayan gyaran mota. Sai abokiyar tafiyata ta zuwa aikin gwaji, Bayarabiya haifaffiyar Funtuwa, wadda in ta fara zuba karin magana sai ki rantse kakarta a Ƙofar Soro aka yanke mata cibiya.

Da azahar muka tafi ofishin da aka tura mu koyon aiki. Hajiyar da ke duba mu ta kusa ritaya, ba ta da digiri a wannan fanni, amma abin da ta manta ma mu ba mu kai ga karanta shi ba. Ta ce yau bayan gari za mu, wurin waɗanda suka gudo daga ƙauyuka. Ba zan faɗi unguwar ba, kuma na sauya wasu abubuwa a labarin nan da gangan, don sirrin mutane shi ne abu na farko da ake koya mana.

Duk ɗan Katsina ya san yadda abin yake. Mutanen da 'yan bindiga suka tasa daga yankunan Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa, duk da ke bakin dajin Rugu ko kusa da shi, galibinsu ba a sansani suke ba. Wasu sun raɓu da dangi, wasu kuma sun shiga kangwayen da masu su suka fara gini kuɗi ya yanke. Ga damina ta yi nisa, hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, su kuma gonakinsu na can inda ba mai iya zuwa.

Sai da muka fara biyawa wurin mai unguwa. Hajiya ta durƙusa, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi ruwa, aka tambayi iyali, kana ya haɗa mu da yaro ya raka mu. A littafi babu wannan matakin, amma in kika tsallake shi gobe ba za ki tarar da kowa a gida ba.

Kangon ɗaki shida ne, rabinsa babu rufi. An rataya buhunan taki a madadin ƙofa, an toshe tagogi da kwali da leda, ruwan jiya ya kwanta a tsakar gida yara na ta facal-facal a ciki. Wata dattijuwa da kowa ke kira Inna ita ce shugabar matan. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta ciro wata takarda daga cikin leda a ƙugunta, an ninke ta har ta fara yagewa: sunayen gidajen da ke wurin, wanda ake miƙa wa duk mai kawo taimako.

Tana jin maganata ta tsaya ta dube ni. "Ke ɗiyar wa ce?" Na faɗa mata garin su Mama. Sai ta kama hannuna da hannu biyu, ashe ta san kakata, ta san gidan da aka ɗauke kawuna shekarun baya har sai da aka sayar da gona aka karɓo shi. "Ashe tamu ce," ta ce wa sauran matan. Nan take aka matso, aka fara ba ni labari tun ban tambaya ba. A raina na ce lallai Malam ya yi gaskiya.

Hajiya kuwa ba ta ce komai ba, tana ƙirga ɗakuna da ido. Takarda ta nuna gida biyar, ita kuma ta ga hayaƙi na tashi daga murhu na shida, can ƙarshe kusa da bayi. Ta ce, "Inna, waccan fa?"

Inna ta taɓe baki. "Bafillata ce. 'Yan'uwanta suka kore mu, kuma mu raba abinci da ita? Mun bar ta ta kwana ma ai mun yi don Allah."

Hajiya ta ce in ɗauki fom in je. Na yi sallama, matar ta amsa ba ta ɗago ba. Ba za ta wuce sa'ar yayata ba. Tana zaune da yaro a cinya, 'yar budurwarta ƙarama na hura wuta. Ta ji duk abin da aka yi a tsakar gida, ta ji an ce ni tasu ce. Duk tambayar da na yi, "lafiya lau" ce amsa. Me kuke ci? Lafiya lau. Yaron nan yana zawo? Da sauƙi. Ni ma in faɗi gaskiya zuciyata ba a sake take ba. Ina kallonta ina tuna yadda kawu ya dawo ƙafafunsa duk sun kumbura.

Sai ga abokiyar tafiyata ta shigo, ta zauna a ƙasa ba ta jira tabarma ba, ta fara yi wa yaron wasa. Matar ta tambaye ta ita 'yar ina ce. Ta ce, "Yaya, ni Bayarabiya ce, ba ni da gona ba ni da saniya." Matar ta yi ɗan murmushi, daga nan bakinta ya buɗe. 'Yan bindiga ne suka fara kore musu shanu, saura biyu suka bar musu. Da mijin ya kai ɗaya kasuwa don su sayi hatsi, 'yan sa-kai suka tare shi, bai dawo ba. Daji ba zama, gari ba shiga. Duk wannan ga Bayarabiya ta faɗa, ni ina gefe ina rubutu, ko sau ɗaya ba ta kalli inda nake ba.

Wannan ne abin da na kasa ajiyewa tun da na dawo. Zama 'yar gida ya buɗe mini ɗaki biyar ya rufe mini na shida, kuma na shidan ne ke da yaron da ya fi kowa jin jiki. A garin da mutane suka yi wa juna ɓarna, duk wanda ya san yaren yana da ɓangare, ko ya so ko bai so ba. Sunan garin uwarki kawai ya isa a yanke miki hukunci. Addams baƙuwa ce a wurin 'yan Italiya, baƙuwa ce a wurin Girkawa, wataƙila hakan ma ya taimake ta. Ina so in tayar da maganar nan a aji, sai dai na san ɗan Maraɗi zai karɓe ta daga bakina ya yi awa guda.

Fom ɗin ma ya zo da tasa matsalar. Yana neman sunan miji da sunayen 'ya'ya daga na fari. Matar ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Ɗan fari ba a kiran sunansa, miji ma haka, kunya ce da ko a cikin Hausawa tsofaffinmu ke yi, balle Fulani. Hajiya da ta shigo lokacin ba ta matsa mata ba. Ta kira 'yar yarinyar ta ce, "Ke 'yammata, wa ye sunan yayanki da ke wurin kawunku?" Yarinyar ta faɗa. "Babanki fa?" Ta faɗa. Uwar ta juya baya tana gyara itace kamar ba da ita ake ba, fom ya cika.

Sannan Hajiya ta ciro tef ɗin awon dantse daga jaka, ɗan siriri mai launi uku. Ana naɗa shi a tsakiyar dantsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. In ya kai santimita 12.5 kore ne, tsakanin 11.5 da 12.5 ruwan ɗorawa, ƙasa da 11.5 kuwa ja, wato tamowa mai tsanani. Ta ja tef ɗin a hannun yaron, yana ta shigewa, yana ta shigewa, har ya tsaya cikin ja sosai. Ta danna babban yatsa a bayan ƙafarsa ta ɗan riƙe, da ta ɗaga sai wurin ya lotsa bai taso ba. Yaron ko kuka bai yi ba, ido kawai yake bin mu da shi.

Na ɗauka Hajiya za ta fita ta yi wa matan wa'azi, ta karanto musu haƙƙin maƙwabci, ko ta ce dokar kare yara da jihar nan ta yi a 2020 ba ta ware ɗan kowa ba. Ko ɗaya ba ta yi ba. Cewa ta yi a fito da duk yaran gidan, a tsakar gida, kowa na gani. Aka auna su ɗaya bayan ɗaya. Jikan Inna ya faɗa ruwan ɗorawa, ga tari yana yi. Hajiya ta ce, "To Inna, yau ba takarda za mu bi ba, tef za mu bi. Yara biyu za su cibiyar tamowa ta Ƙofar Sauri, kuɗin Napep ɗaya gare ni. Ke kin san gari, ita ba ta sani ba. Ki taimake ni."

Inna ta yi shiru mai tsawo. Ta ce, "Don ke, Hajiya." Ta shiga ta ɗauko mayafi.

A hanyar dawowa muka yi ta musu da abokiyata. Ni na ce abin da Hajiya ta yi dabara ce, ta ɗaure Inna da jikanta, alhali ana koya mana a bar mutum ya zaɓa da kansa. Kuma na ga kuɗi a jakar Hajiya da ya isa Napep uku. Ita ta ce zaɓin wa ake magana, na Inna ko na yaron da ba ya iya kuka? Ta ce da an tura matar ita kaɗai, da ta dawo ta tarar an fitar mata da kaya waje, a ce ta je ta kai ƙararsu. Ban ba ta amsa ba, don a nan ta fi ni gaskiya. Amma har yanzu ban san yadda zan rubuta wannan a rahoton da za mu miƙa wa Malam ba tare da ya ja jan layi a kai ba.

A gida na ba Mama labari a taƙaice muna tsince shinkafa. Da na zo wurin Bafillatar sai hannunta ya tsaya. "Har su kuke bi?" Na ce yaron bai kai shekara biyu ba, Mama. Ta ce, "Na kawunki ma ƙanana ne lokacin." Ba ta ƙara ba, ni ma ban ƙara ba. Baba da ke jin mu daga zaure ya ce in dai an fara auna hannun yara kafin a ba su abinci, to karatun nawa ya fara yin kama da karatu.

Bayan isha'i Hajiya ta kira. An kwantar da yaron, uwar za ta zauna da shi. Jikan Inna an duba shi an sallame su, an ba su ranar komawa. Inna ta dawo kango da 'yar yarinyar, ta ce za ta kwana a ɗakinta zuwa lokacin da uwar za ta fito, amma a gaya wa Hajiya kada a ɗauka ta sa sunansu a takarda. Hajiya ta ce gobe ƙarfe tara in same ta a ofis da fom ɗin, kuma in taho da tsohon zani ko biyu idan akwai a gida, matar ba ta ɗauki komai ba da za su tafi.