Asabar a Cape Town: wuni guda tsakanin Bo-Kaap da bakin teku

Yau ce rana ta farko da taron da ya kawo mu Afirka ta Kudu ya ba mu hutu, kuma tun jiya abokin aikina, wanda haifaffen Cape Town ne, ya yi alkawarin cewa zai zagaya da ni wuraren cin abinci na garinsu. Ya zo masaukina da hantsi, iskar nan ta kudu maso gabas da ke kaɗawa a wannan lokaci na zafi tana neman ture mutum, ga kuma gajimare ya lulluɓe kan dutsen Table Mountain kamar an shimfiɗa masa farin mayafi.

Da yake ya san ni Musulmi ne, sai ya fara kai ni Bo-Kaap, unguwar da ke gindin tudun Signal Hill, mai gidaje masu launi iri-iri da tituna na duwatsu. Yawancin mutanen unguwar jikokin bayi ne da fursunonin siyasa waɗanda Turawan Holan suka kwaso daga tsibiran Indonesiya da Indiya da gabashin Afirka. Na yi sallar Azahar a Masallacin Auwal da ke titin Dorp, wanda aka kafa a 1794, shi ne masallaci na farko a ƙasar. Limaminsa na farko, Tuan Guru, ya yi zaman kaso a tsibirin Robben, inda ya rubuta Alƙur'ani da ka, tsibirin da daga baya Nelson Mandela ya shafe shekara 18 a cikinsa. Na daɗe zaune bayan sallama, domin ban taɓa zaton zan ji irin wannan natsuwa a wuri mai nisa haka da gida ba.

A wani ƙaramin gidan abinci na unguwar muka ci abincin rana. Takardar shaidar halal tana manne a jikin ƙofa, saboda haka ban tambayi kowa komai ba. Na ci bobotie, wato niƙaƙƙen nama da aka haɗa da kayan ƙamshi aka gasa da ƙwai da madara a samansa, tare da shinkafa mai kurkum da zabibi. Zaƙi a cikin abincin nama baƙon abu ne ga harshen da ya saba da yaji da daddawa, amma kafin in kai rabin faranti na riga na saba, har na ƙara.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a daren nan shi ne abin da ya faru da yamma. Sauran abokan taronmu sun shirya haɗuwa a bakin tashar jiragen ruwa ta V&A Waterfront, a wani gidan abinci irin waɗanda ke dafa giyarsu da kansu a cikin ginin. Na yi ta kai-kawo a zuciyata kafin in amsa, domin zama a inda ake shan giya ba ƙaramin abu ba ne a wurina, kuma ba na son in yi kamar bai dame ni ba. Daga ƙarshe na ce zan je in gaisa da mutane, in ci abinci a teburin waje, in tashi kafin dare ya yi nisa. Abokina bai ja maganar ba, ya dai riga ni isa ya kama mana tebur a waje, daga gefen ruwa.

Ta cikin gilashi ana hango manyan tukwanen ƙarfe masu sheƙi, kuma wani daga cikinmu ya bayyana mini yadda aikin yake: ana jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, a busar da shi a niƙa, a dafa da ruwa, a zuba furen wani tsiro mai ɗaci da ake nomawa a yankin George, sannan a sa yis a bar shi ya tsima. Da na ji haka sai na tuna cewa da tsiron dawa ake yin burukutu a ƙasarmu, hanyar kusan ɗaya ce. Warin dafaffen tsiron yana fitowa har waje, kuma ban ji daɗinsa ba.

Na duba takardar abinci na zaɓi soyayyen kifin hake da dankali, abincin da ake samu a kusan kowane lungu na bakin tekun nan, ina ganin babu abin da ya kai kifi aminci ga Musulmi. Ma'aikaciyar da ta zo karɓar oda ta ji na nemi ruwan citta maimakon abin da sauran suke sha, sai ta dakata da rubutu ta tambaye ni cikin ladabi ko addini ne ya hana ni. Da na ce mata haka ne, sai ta shaida mini cewa da giyarsu ake kwaɓa ƙullun fulawar da ake tsoma kifin a ciki, domin iskar da ke cikinta ce ke sa ɓawon ya tashi ya yi garas-garas, kuma ba a rubuta hakan a takardar ba. Ta ƙara da cewa har miyar naman sa da giya ake dafa ta. Ta shiga kicin da kanta ta tambayi mai dafuwa, ta dawo ta ce zai gasa mini kifi da gishiri da lemon tsami a kasko na daban.

Wannan abu ya taɓa ni ƙwarai. Da ta yi shiru da na ci ban sani ba, ita kuma babu abin da za ta rasa, ga wurin cike da jama'a ana ta kiranta daga kowane tebur. Al'adar ƙasar ita ce a ƙara wa mai kawo abinci kashi 10 cikin ɗari na kuɗin a matsayin tukuici, amma na ninka, na kuma yi mata godiya a gaban shugabanta. Kifin ya zo da zafinsa, fari tas, yana rabuwa da kansa, na ci ina kallon karnukan ruwa suna kwance a kan katakon tashar.

Rana ba ta faɗi ba sai wajen ƙarfe takwas saura, na yi sallama da jama'a na dawo masauki na yi Magariba. A hanya abokina ya nemi gafara, ya ce shekarunsa da yawa yana cin kifin nan bai taɓa tunanin abin da ke cikin ƙullun ba. Ya ce gobe Lahadi da sassafe zai biya ta Bo-Kaap ya kawo mini koesister, wani soyayyen cincin mai laushi da kirfa da kwakwa wanda mutanen unguwar ke karya kumallo da shi duk ranar Lahadi, kuma na ce masa zan jira shi da shayi.