Ziyarar Rouen da labarin sunan Jeanne

Jirgin ƙasan da na hau daga tashar Saint-Lazare ta Paris ya yi tafiyar kusan sa'a ɗaya da rabi, yana bin kwarin kogin Seine, kafin ya sauke mu a Rouen, babban birnin yankin Normandi na arewacin Faransa. Daga tasha na gangara da ƙafa zuwa dandalin Vieux-Marché, inda aka ƙone Jeanne d'Arc, budurwar da ta jagoranci sojojin Faransa a yaƙi da Ingila, ranar 30 ga Mayu 1431, tana da shekara kusan 19, a lokacin da birnin ke hannun Turawan Ingila. Dogon gicciye ne ke nuna wurin, kusa da cocin da aka gina a 1979, mai rufi kamar kifaffen jirgin ruwa, masu kifi da cuku kuwa suna ta cinikinsu a gefensa.

Sunan Jeanne ya girmi wannan baiwar Allah nesa ba kusa ba. Shi ne na mata daga Jean, sunan da Faransawa ke kiran Annabi Yahaya da shi, asalinsa kuma Yohanan ne na Ibrananci, wato Allah ya yi alheri. Ita kanta Jehanne take sa hannu, bisa rubutun zamaninta. A wajejen 1900 babu sunan da ya fi shi yawa cikin jarirai mata a Faransa sai Marie, amma ko ayyana ta waliyyiya da cocin Katolika ya yi a 1920 bai hana shi ja da baya sannu a hankali ba, har Sylvie da Nathalie suka mamaye sunayen jarirai mata a shekarun 1960, Jeanne ya koma sunan tsofaffi.

Bayan 2000 sai ga shi ya dawo tare da Louise da Alice, alhali tun 1993 doka ta sakar wa iyaye mara su zaɓi sunan da suka ga dama. A ganina yayi ne ya dawo da shi, domin ibada ba ƙaruwa ta yi a Faransa ba.

Kafin in koma tasha na leƙa wani shagon tsaraba da ke sayar da kwanukan tangaran masu ɗauke da sunaye. Na Jeanne suna jere a layin gaba, da na tambayi mai shagon ko akwai na Nathalie kuwa, sai da ta durƙusa ta lalubo ɗaya a ƙasan kanta, ta goge masa ƙura da hannun riga.