Yadda Super Mario Bros. 2 ya sauya kama kafin ya isa Amurka

A watan Yunin 1986 kamfanin Nintendo ya fitar da wasan bidiyo na Super Mario Bros. 2 a Japan, a kan faifan na'urar Famicom Disk System. Kamanninsa kusan ɗaya da na farko, sai dai an tsananta shi ƙwarai. Akwai laimar kwaɗi mai guba, da iska mai ture ɗan wasa cikin rami yana tsaka da tsalle, da bututun da ke mayar da mutum baya. Reshen kamfanin na Amurka ya ga wahalar ta yi yawa, sabon abu kuma kaɗan, ya ƙi karɓa.

Mafitar ta fito daga wani wasa daban, Yume Kojo: Doki Doki Panic, wanda Kensuke Tanabe ya jagoranta a ƙarƙashin Shigeru Miyamoto. An sake shi a Yulin 1987 domin wani biki na gidan talabijin ɗin Fuji. A cikinsa taka maƙiyi ba ya kashe shi: hawa kansa ake yi a ɗaga shi a jefar, ko a tumɓuke kayan lambu a jefe shi da su. 'Yan wasan huɗu ne, 'yan gida ɗaya. Da aka mayar da wasan Super Mario Bros. 2 na Amurka, Imajin ya koma Mario, Mama mai dogon tsalle ta koma Luigi, Lina mai shawagi a iska ta koma Gimbiya, Papa mai saurin tumɓuka ya koma Toad.

Masu cewa fuska kawai aka canja sun rage wa aikin daraja. Na'urar wasan Nintendo ta Amurka, wato NES, ba ta karanta faifai, dole aka mayar da wasan kaset. Faifai na ajiye inda aka tsaya, kaset ɗin kuwa ba batir a cikinsa da zai riƙe ajiyar. Saboda haka matakai 20 na duniyoyi 7 sai a zama ɗaya, da damar ci gaba sau biyu kacal. Na'urar faifan tana da ƙarin hanyar sauti ɗaya wadda NES ba ta da ita, shi ya sa aka sake tsara wasu sautukan. An cire sharaɗin gama wasan da duk mutum huɗun kafin a ga ƙarshe, an sa sabon dodo Clawgrip a duniya ta 5. Gyaran da ya fi komai tasiri a ganina shi ne gudu da maɓallin B, domin da shi ne nisan tsalle ya dawo hannun ɗan wasa.

Wasan da aka gyara ya shiga kasuwar Amurka a Oktoban 1988, Turai a 1989. A 1992 ya koma Japan da sunan Super Mario USA. Wancan da aka ƙi kuwa sai 1993 ya ƙetara, a cikin Super Mario All-Stars, da sunan The Lost Levels.